Ruwan Ido Ya Sa Na Yi Zango a Mararraba

A gidanmu na Moshi Zongo a Tamale ana kirana Injiniya, alhali ko akurkin kaji ban taɓa ginawa ba. Sunan ya samo asali ne ranar da wayar kawuna ta ƙi motsi, na kashe ta na sake kunnawa ta tashi. Tun daga nan duk abin da ke da maɓalli ni ake kawo wa. Na karɓi sunan hannu bibbiyu ina hura hanci, ban san akwai ranar da zai zame mini bulala ba.

Bari in tona kaina tun kafin wani ya riga ni: ina da ruwan ido. Duk wanda zai raka ni kasuwar Aboabo sayen takalmi, to ya riƙe guzuri. In mai koko ta tambaye ni ƙosai ko burodi, kafin in ba da amsa na bayana sun fara tsaki. Matata takan ce abu ɗaya tak na taɓa zaɓa a kan lokaci, shi ma ɗin iyayena ne suka zaɓa mini. Duk wannan wasan yara ne a kan abin da na tafka a shekarar 2022.

Yayar mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Mma Hajiya, tana sana'ar man kaɗe da rigunan fugu. Man a hannun matan ƙauyukan da ke kewaye da Tamale take tara shi. Rigunan kuwa saƙar Daboya ce da ta Yendi, a ɗinka su nan cikin gari. Yawancin masu sayenta suna kudu: Nima da Madina a Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, sai zangunan Kumasi. Cinikin duka a cikin waya ɗaya yake. Mai saye ya turo saƙon murya ta WhatsApp, wani da Hausa, wani da Dagbanci, wani da yaren Twi. Ya biya ta MoMo, wato ya turo kuɗi ta waya, a kai kaya tasha da yamma, mota ta bi ta Buipe da Kintampo da Techiman, washegari ya je ya karɓa. Littafin lissafin Hajiya kanta ne, kuma shekara da shekaru bai taɓa ba ta kunya ba.

Sai kasuwa ta buɗe fiye da yadda kai ɗaya zai ɗauka. A watan Mayu na shekarar kuma gwamnati ta fara cire harajin kashi 1.5 cikin 100 a kan kuɗin da ake turawa ta waya, aka shiga musun wa zai ɗauki nauyinsa, mai saye ko mai sayarwa. Ana cikin haka, bayan ƙaramar salla, bokitin man da ya kamata ya sauka Kumasi ya zarce Accra. Hajiya ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini sabuwar waya da kuɗin data.

"Injiniya, tunda kai ka yi boko, nemo mana dabarar da saƙon mutane zai daina ɓacewa. Na faɗa wa mutanen Ankara daga yau wannan lambar za su riƙa nema."

Da wani ne, kanti zai tsallaka ya sayo littafi da biro. Ni kwamfuta na buɗe.

Cikin dare ɗaya na tarar da hanya biyu a gabana. Ta farko ita ce manhajar kula da masu saye wadda aka riga aka gama, irin su Zendesk da wasu mutum uku suka fara a Kopenhagen ta ƙasar Denmak a 2007, da Freshdesk da aka kafa a Chennai ta Indiya a 2010. Duk saƙon da ya shigo, ta imel ne ko ta kafar sada zumunta, sai ya zama tikiti mai lamba. Ana ganin wa ya ɗauka, tun yaushe mai shi ke jira, an biya masa buƙata ko yana nan rataye. Shagon haya ne da kanta da fitila da fanka, naka kawai ka shiga ka zauna. Sai dai haya duk wata ce, a kan kowane mutum da zai riƙa amsawa, kuma da dala. Wasu kan ɗanɗana maka kaɗan kyauta, da ka fara lashe baki sai a miƙo takardar kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce buɗaɗɗen dandalin gina manhaja, irin su Supabase da aka kafa a 2020 a kan rumbun bayanai na Postgres, da kuma Appwrite. Waɗannan ba sa amsa saƙon kowa. Kayan cikin manhaja suke ba ka: rumbun bayanai, ƙofar shiga mai kalmar sirri, ma'ajiyar hotuna. Sauran kai za ka gina da hannunka. Rubutunsu a buɗe yake ga kowa, ka ɗauka ka girka inda ka ga dama. Fili ne da bulo da siminti, ba rufi ba ƙyaure.

Ko yaro ya san waɗannan biyun ba kishiyoyin juna ba ne. Kamar mai jin yunwa ne ya tsaya yana shawara tsakanin farantin wake da shinkafa da sayen gona a fadamar Nasia. Amma ruwan ido ba ya tambayar ko abubuwan sun yi kama. Ya ga biyu kawai, shi ke nan ya samu abinci.

Na zana jadawali mai layi 14: kuɗi, sauƙi, tsaro, girma nan gaba, har da kyan launi. Kowane layi maki goma. Na kwana biyu ina ba da maki kamar alƙalin musabaƙa. Da na tara, shagon haya ya wuce filin gini da maki ɗaya. Wani zai ce alhamdulillahi, an huta. Ni sai na ji zuciyata ta ƙi, na ƙara layi na 15 don filin ya kamo. Da suka yi kunnen doki na ji sanyi a raina, na tashi na sha shayi. Da ina da wayo, a wannan sanyin zan gane ciwona.

Bayan mako uku Hajiya ta tare ni a zaure tana ɗaure bakin bokiti.

"Injiniya, ina dabarar?"

Na gyara murya. Na ce akwai manhajar da ke gaba, wadda mutane ke gani, akwai kuma wadda ke baya tana riƙe da komai. Sunan da Turawa suka ba ta bayan ya ƙi zama a bakina da Hausa, na yi ta lalube, ƙarshe na ce, "Hajiya, a taƙaice dai yanzu ina aikin bayan gida ne."

Ta ɗago ta dube ni tun daga hula har silifa. "Mako uku kana bayan gida? To Allah Ya sawwaƙe. In jiƙa maka sabara?"

Yaran gidan suka kwashe da dariya. Har yau in na daɗe a ɗaki sai in ji wani ya ce a ƙyale Injiniya, yana bayan gida.

Daga nan na zama kamar lilo. Ranar Litinin in tashi ina ɗan haya. Sai in leƙa farashin canji in ja da baya, don a farkon shekarar dala ɗaya sidi 6 ce da 'yan kai, kafin Nuwamba kuwa ta haura 14 a wurin 'yan canji. Wanda ya ɗaura wa kansa hayar dala a irin wannan shekara, kullum farashin shagonsa na tashi alhali shagon bai ƙara ko taku ɗaya ba. Ga kuma labarin Parse da na karanta ya tsaya mini a rai: Facebook ta saye shi a 2013, a watan Janairun 2016 ta ba da sanarwar rufe shi, ta ba masu manhajoji shekara guda su kwashe kayansu. Mai gida in ya ce tashi, ɗan haya ba shi da ta cewa. Sai in buga ƙirji in ce ni nawa zan gina.

Ranar Alhamis kuma sai filin ya nuna mini haƙoransa. Turanci kalma ɗaya gare shi ga kyauta da 'yanci, shi ya sa masu son banza irina ke ruɗewa. Hausa ta raba su, ni na ƙi ji. Buɗaɗɗiyar manhaja 'yanci take ba ka, ka duba cikinta, ka gyara, ka ɗauke ta ka kai inda kake so. Ba ta yi maka alkawarin ba za ka kashe ko sisi ba. Sai ka yi hayar kwamfutar da ba ta barci a wata ƙasa, abin da ake kira saba, ita ma da dala. Kai ne magini, kai ne mai gadi, kai ne mai shara. In ɓarawon intanet ya shigo, ba wanda za ka kai wa kuka. Ga dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, wadda ta ɗora wa duk mai tara sunaye da lambobin mutane nauyin tsare su. Da na tuna lambobin matan Nima za su kwana a rumbun da ni ne mai gadinsa, ni da nake manta makullin babur a jikin babur, sai gumi ya karyo mini.

Duk da haka na fara ginin. Damina ce, hadari na tasowa wuta ta tafi, in zauna a duhu ina kallon batirin kwamfuta na tsiyayewa, sauro na cin rabonsa a ƙafata. Na koyi manhajar Docker da ƙyar da jiɓin goshi. Na yi kwana tara a kan shafin shiga kaɗai, ina shawara tsakanin kore mai duhu da kore mai haske, don ya dace da ganyen kaɗanya. Shafin ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Ba wanda zai shiga ta cikinsa sai ni da Hajiya, ita kuwa ko kalmar sirrin MoMo ɗinta jikarta ke tuna mata. Wani dare na buga umarni ɗaya ba daidai ba, rumbun ya shafe tas. Kwafin ajiya kuwa yana layi na bakwai a jadawalina, na ba shi maki tara, ban dai yi shi ba.

Ina cikin jinyar wannan sai na ci karo da Chatwoot, manhajar kula da masu saye wadda kuma buɗaɗɗiya ce. Shago ne ginanne da za ka iya ɗauka ka dasa a filinka. Ga mai lafiya wannan mafita ce. Ga mai ruwan ido kuwa amarya ta uku ce aka shigo da ita. Na buɗe sabon jadawali.

Ina wayar da Hajiya ta ba ni duk wannan lokaci? Tana ƙarƙashin matashina, na kashe mata ƙara. Na yi wa kaina fatawa cewa amsa saƙo kafin tsari ya kammala ɓarna ce, tunda ba inda za a rubuta shi. Lokaci-lokaci nakan ɗaga matashin in ga ɗan koren da'irar nan yana ƙara lamba, in mayar in rufe kamar mai rufe tukunyar da ta lalace. Wasu da suka gaji sun koma tsohuwar lambar Hajiya, shi ya sa asirina ya daɗe bai tonu ba.

Ya tonu ne a watan Oktoba, ana shirin bikin Damba, lokacin da kowane tela a Tamale ke kwana a kan keke saboda fugu. Wata baiwar Allah a Nima ta biya kuɗin riguna shida na ɗaurin auren ɗanta tun da wuri. Aiki ya yi wa tela yawa, rigunan suka makara. A zango kuwa ba a ɓacewa, kowa na da ɗan uwa a gidan kowa. Matar ta kira ƙanwar mijinta a Sakasaka, ita ta hau adaidaita ta zo har gida.

Bayan magariba Hajiya ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta ce in kawo wayar. Saƙo 63 ba a buɗe ba. Ta ba jikarta ta nemo na matar, ta ce a ƙure murya kowa ya ji.

Na farko da sallama ya fara, da gaisuwa, ina gajiya, ina yara, yaya damina, sannan a hankali ta tambayi labarin riguna. Na biyu gaisuwar ta gajarce. Na uku babu gaisuwa. A na huɗu ana jin hayaniyar gidan biki a bayanta, ana daka, yara na kuka. Muryarta ba ta tashi ba, ta ma yi ƙasa ne. Ta ce ita ba ta kuɗin take ba. Da an ce mata rigunan ba za su samu ba, da ta nemi wasu a Accra tun da sauran lokaci. Ta ce, "Ko 'na ji' ne, da an ce mini."

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar fankar ɗakin kawu. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juyo ta ce, "Ɗan nan, cikin abubuwan nan naka biyu, ko uku ne yanzu, wanne ne zai ce wa matar nan ta yi haƙuri?"

Na ce babu.

"To ga waya."

Wallahi da in danna lambar nan gara a ce in sake gina rumbun daga farko. Tafin hannuna ya jiƙe. Ta ɗauka, na ce, "Mma, barka da dare, ni ne ɗan gidan Hajiya na Tamale. Laifin nawa ne, saƙonninki suna hannuna ban buɗe ba." Ta wanke ni tas, soso da sabulu, na minti uku, ina ta "gaskiya ne, Mma." A minti na huɗu ta sauke ajiyar zuciya ta ce Allah Ya kyauta gaba, a turo rigunan ko bayan biki ne, angon zai sa ranar Juma'a. Kafin ta kashe ta tambaya ko akwai sabon man kaɗe. Abin da na yi wata biyar ina kewaye-kewaye a kansa, minti huɗu ya ci.

A daren nan na gane abin da ke ƙarƙashin ruwan idona. Muddin ban zaɓa ba, ban yi kuskure ba. Muddin ina bincike, ni mai aiki ne a idon kowa, har a idon kaina. Kwamfuta ba ta yi mini tsawa, ba ta ce na ci amanarta, in ta ƙi aiki ma sai in ji kamar jarumi a fagen fama. Muryar mutumin da ransa ya ɓaci ita nake gudu, na samu jadawali na laɓe a bayansa. Garin neman gira na kusa rasa wa Hajiya ido.

Abin kunyar ma, a unguwar da nake zaune aka san wannan sana'a tun kafin a haifi kakan kwamfuta. Zango masaukin fatake ne. Ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, da Mosawan da suka gangaro daga arewa har unguwarmu ta ci sunansu, duk da amana suka yi ciniki. Baƙo ya sauka gidan fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an samu saɓani. Jarinsa shi ne in an kira ya amsa. Da Turawan Ingila suka mayar da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, irin waɗannan mutane suka taru suka cika zangunan garin. Da yawa kwana biyu suka zo yi, ga jikokinsu nan har yau. Ni zaman na gada a wurinsu, na samu mararraba na kafa bukka. Amsa kiran kuwa na bar shi a baya.

Washegari Hajiya ta karɓe wayar ta ba jikarta, yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba. Ta sauke WhatsApp Business, wadda ke nan kyauta tun 2018 ina tsallake ta don na raina ta. Ta yi wa masu saye lamba da launi: wanda ya yi oda, wanda ya biya, wanda kayansa ke tasha, wanda ya karɓa. Ta sayo littafin makaranta ta ja layi huɗu da rula. Duk kayan da aka kai tasha sai ta ɗauki hoton takardarsu ta tura wa mai shi. Kafin la'asar ta gama da saƙonnin nan duka. Ba ta ba kowa maki ba.

Ba na zagin manhajojin nan, don kowacce da ranarta. In masu amsa saƙo sun kai biyar ko goma, har ana rasa wa ya ce me, shagon haya ya cancanci kuɗinsa. In kana da manhajar da za ka gina da gaske, kana da hannu da lokacin gadinta, buɗaɗɗen dandali arziki ne, kuma ba mai korarka. Amma sana'ar mace ɗaya da waya ɗaya da jika mai kaifin kai, littafi da ladabi sun ishe ta sai ranar da littafin ya cika. Ranar kuwa da kanta za ta faɗa maka abin da za ka saya.

Kada ka ɗauka na warke. Makon jiya na ji labarin PocketBase, wadda duk kayan cikinta a fayil ɗaya suke, har na ji yatsuna na ƙaiƙayin zana jadawali. Sai dai yanzu Hajiya ta kafa mini doka: ba na buɗe kwamfuta da safe sai na zauna kusa da jikarta na saurari saƙon murya goma na amsa su da bakina. Yarinyar ce shugabata, ni ke kai kaya tasha a babur.

Kai kuma mai karatu da kake ta yi mini dariya, na yafe maka. Amma in akwai wani saƙo a wayarka da ka kwana uku kana tsallakewa, ajiye wannan takarda ka je ka buɗe shi. Ko "na ji" ne, ka ce.